Ranar da Baba Ya Kira Gari Sayen Nama

A gidanmu na yi wankan jegon 'yata ta fari, a wani ƙauye da ke tsakanin Bungudu da Furfuri, cikin bazarar shekara ta biyu da aka ba mu jiha. Bayan suna mijina ya kawo ni daga Gusau. Ko takalmi ban cire ba Inna ta karɓi jaririyar, ta duba ta sama da ƙasa, sannan ta ce da ni, "Sannu da hanya. Kin zo a daidai, ubanki ya haukace."

Ban kai ga tambaya ba na jiyo wata ƙara daga zaure, kamar ana dukan jaki mai tari. Na ce, "Inna, mene ne wancan?"

Ta ce, "Shi ne haukan."

Baba ya yi shekaru yana aikin masaƙa a Gusau. Da aiki ya tsaya ya dawo gida ya kama gona, amma gona ba ta da abin yi da mutum a bazara. Yana cikin wannan zaman ne wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Bilbis, ya gaya masa akwai kalangu a gidansa, wani baƙo ya tafi ya bar shi, yara suna nema su mai da shi akurki. Ran kasuwar Tsafe, da yake Bilbis ta wajen take, Baba ya shiga mota ya je, ya dawo da abin a ƙunshe cikin buhu kamar wanda ya sato kaza.

Mu ba zuriyar makaɗa ba ne. Kakanninmu manoma ne, kuma a wurinsu kalangu abin saurare ne daga nesa, a miƙa wa mai shi goro ya wuce. Amma Baba ya ce tun yana masaƙa, in injuna suka ɗauki ƙara, shi kiɗa yake ji a ciki, yatsunsa suna bi. Yanzu da Allah ya ba shi lokaci, ba wanda zai hana shi.

Akwai makaɗi a ƙauyenmu, wani tsoho siriri wanda ke yi wa mahauta kiɗa duk ranar da aka yi yanka. Na ce da Baba me zai hana ya je wurinsa ya koya. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni in tahi in durƙusa gaban mutumin da ke roƙona goro? Ina da malami, ɗiyata. Ga shi nan."

Ya nuna mini rakodarsa, wata baƙa mai karyayyen mariƙi da aka ɗaure da waya. Ashe kafin in zo ya je kasuwar Gusau, ya tsaya gefen rumfar mahauta inda mai kalangunsu yake kiɗa, ya ɗora rakoda a kafaɗa kamar mai jin labarai, alhali ya danna ɗauka. Ya tsaya har kaset ya cika fuska ɗaya, ya juya ya cika ɗayar, bai sayi ko ƙashi ba, ya dawo gida.

Ya ce, "Wanga malami ba ya fushi, ba ya gajiya. In ya gama karatu ka mai da shi baya, ya sake."

Inna tana tankaɗe a gindin turmi ta ce, "Kuma ba ya iya ce maka ka bari."

Tunda ni ce marar aikin yi a gidan, sai aka ba ni muƙamin juya kaset da biro, don kada batir ya ƙare. In na fito daga wankan ruwan zafi, jikina kamar an dafa ni, Inna ta miƙo mini ƙwaryar kunun kanwa, Baba ya aiko da kaset da biro. Haka zan zauna, jaririya a cinya, ina juyi. Shi kuwa ya saurari ɗan guntu, ya tsayar, ya matse kalangu a hammata, ya ɗauki gula, wato sandar nan mai lanƙwasasshen kai, ya buga. Abin da ke fitowa ba ya kama da na kaset ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. In ya matse da yawa sai ya yi kukan ɗan akuya, in ya saki ya koma kamar an yar da tulu. Kajinmu suka daina ƙwai a zaure. Wani maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko gini ake yi.

Mutum ɗaya ce a duniya ta yarda da shi, jaririyata. Da ya fara sai ta yi tsit, ta lumshe ido. Baba ya ce, "Kun gani? Amaryata ta san kiɗa." Inna ta ce yarinyar suma take yi don tsoro.

Da abin ya ishe ta sai ta kore shi daga zaure. Ya koma gindin tsamiyar da ke bayan gida, daidai zanan ɗakin da nake kwana. Akwai wata kafa a zanan, ta nan nake miƙa masa kaset, ta nan kuma nake kallonsa: dogon mutum da furfura, ya cire hula, gumi yana bin wuyansa, ya cije leɓe kamar mai ɗaga buhun gero. Ban taɓa ganin ya dage a kan wani abu haka ba, har noman da yake ci da mu.

Wata safiya, da hantsi, ranar da ba kasuwa ba ce a ko'ina kusa da mu, ina zaune ina hura kunu sai na ji kiɗan ya sauya. Ya daina tuntuɓe. Yana tashi yana sauka, yana tafiya da ƙafarsa, har na ji kafaɗata ta motsa. Na zaci kaset ne, sai na ga kaset ɗin a hannuna.

Inna ta tsayar da taɓarya ta karkata kai. Ta ce, "Wa ya yi yanka yau? Ke, duba mini ƙaramin kwanon nan in aika a..." Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Innalillahi."

Abin da Baba bai tsaya ya yi tunani a kai ba shi ne, kiɗan da ya ɗauko taken mahauta ne. A ƙauye irin namu ba a jin sa sai in an kayar da dabba, kuma duk wanda ya ji shi ya san nama ya samu.

Na manna ido a kafar zana. Yara ne suka fara zuwa, kowanne da kwano, an aiko su. Sai wata tsohuwa mai sanda, tana cewa tun daga nesa a ajiye mata hanta. Wata Bafillatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta zauna tana jira. Wani ya zo a keke har daga gonakin gefen Furfuri. Baba kuwa idonsa a rufe, yana ta zuba kiɗa. Da ya buɗe ya ga taro sai ya ɗauka masu sauraro ne, ya yi murmushi, ya ƙara wuta.

Tsohuwar ce ta katse shi da sanda. "Malam, kiɗa ya isa haka. Ina naman?"

"Wane nama?"

"Wanda kake kira mana tun ɗazu. Na baro tukunya bisa wuta."

Kafin Baba ya ba ta amsa sai ga sarkin fawa, ƙato, wuƙa a ƙugu, tsohon makaɗin yana biye da shi yana haki. Sarkin fawa ya yi sallama a gajarce, ya leƙa bayan tsamiya, ya leƙa gindin zana, yana neman jini.

Ya ce, "Malam, wa ya yi yanka a garin nan ban sani ba? Kuma wa ya yi mashi kiɗa, tunda ga makaɗina nan na same shi yana ɗinkin wando?"

Da wani ne da ya ce kuskure ne, a yi haƙuri, a yi dariya a watse. Amma Baba mutum ne da bai taɓa yarda ya ɓata hanya ba, sai dai ya ce garin ne ya matsa. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "Ba a yi yanka ba tukuna. Kai nake jira. Sadaka zan yi, Allah ya ba ni jika."

Nan take aka ɗauki addu'a. Ni kuma na ga idonsa ya sauka a kan ragon da ke ɗaure a turke ta cikin gida, ana hango ƙahonsa ta saman zana. Ragon Inna ne, tana kiwonsa da dusa da ruwan tsari, layya take nufi da shi. Ita ma ta ga inda idon ya tafi, don tana bayana tana leƙe ta saman kaina. Ba ta yi masa magana ba, a gaban maza ba za ta yi ba. Ni ta yi wa, da muryar da ta isa har bakin rijiya.

"Ke, mai jego, gaya ma ubanki ragon nan yana da uwa. Wanda ya yi kiɗa shi ya san abin da zai yanka."

A waje wani yaro ya yi dariya aka make shi.

Dabba ɗaya ce tak ta Baba a gidan, wani tsohon bunsuru mai gemu da ya gaji zama da mu. Warinsa yakan riga shi shiga wuri. Ya ci zanen Inna, ya ci rabin tabarmar baƙi, ya taɓa tunkuyar liman. Shi aka jawo. Sarkin fawa ya dube shi ya toshe hanci ya ce, "Malam, wannan sadaka ce ko ramuwa?" Amma ya yanka, ya feɗe, aka kasa, kowane kwano ya samu ɗan abin da ya samu. Tsohuwar ta tafi da hantarta. Ni aka gasa mini cinya da yaji, aka ce mai jego ce. Na tauna har muƙamuƙina ya yi ciwo, na haƙura na tsotse yajin. Kwana da kwanaki in ka bi ta lungunan ƙauyen ana jin bunsurun nan yana tashi daga tukwane.

Da taro ya watse, tsohon makaɗin bai tafi ba. Ya zauna a saiwar tsamiya ya ce, "Malam, wa ya koya maka?" Baba ya nuna rakoda da alfahari. Tsohon ya ce a kunna masa. Na miƙa kaset ta kafa. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce wannan na Gusau ne, ya san hannunsa. Can sai ya ɗaga yatsa, ya ce a mayar baya. Aka mayar. Sai ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, har tari ya sarƙe shi aka kawo ruwa.

Baba ya ce, "Mi ya faru?"

"Malam, ka san kalangu magana yake yi. Farkon nan taken fawa ne, daidai. Amma daga nan ya bar mahauta ya koma kan wani. Ji abin da yake cewa." Ya karɓi kalangun ya buga a hankali yana faɗa da baki: "Dogo mai rediyo, sayi tsoka ko ka gusa. Dogo mai rediyo, ƙuda ya fi ka ciniki."

Wannan gaɓar kuwa ita Baba ya fi iyawa. Ita ya maimaita wa gari duk safiyar nan da ido a rufe.

Na jira in ga ya jefar da rakoda. Ya shafa gemu, sannan fuskarsa ta washe. Ya juyo wajen zana ya ɗaga murya. "Kun ji ko? Take gare ni a Gusau! Duk ƙauyen ga wa aka taɓa yi ma take a birni?"

Inna ta koma kan turminta, na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

Sarkin fawa ya kafa doka: Baba ba zai sake buga taken fawa ba sai ranar da aka yi yanka da gaske. Tsohon makaɗin kuma ya riƙa zuwa da la'asar ba tare da an kira shi ba, wai ya zo shan inuwa. Ba wanda ya durƙusa wa wani. Tsohon yakan ce, "Da ni ne da na sassauta hammata a nan," Baba ya ce, "Dama abin da zan yi ke nan."

Labari ya kai Bungudu, wurin yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba. Ya zo takanas da babbar riga, ya zauna a tsakar gida ya ƙi shan ruwa. Ya ce an zubar da mutuncin gida, gobe sai a ce jikokinsu 'ya'yan maroƙa ne, wa zai auri yarinyar nan in ta girma. Baba ya sunkuyar da kai, don ba ya musu da yayansa. Baba Babba ya juya wajen Inna, yana tsammanin ya samu mataimakiya. Ya ce, "Ke ma na ji ba ki son abin ga."

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Yaya, ba na so. Amma da ƙanenka ya dawo daga Gusau sai da ya yi wata da watanni yana zaune a zaure yana kallon bango, abinci ma sai na yi da gaske. Yanzu yana ci har ya nemi ƙari. Kunnena ne ke shan wahala, kuma ban kai ƙara ba."

Baba Babba ya karɓi ruwan ya sha. Kafin ya tafi ya ce aƙalla a riƙa yi a bayan gida. Baba ya ce dama can ake yi.

Da na gama wanka mijina ya zo ɗaukata. Ya tsugunna ya gaida Baba, ya tambayi labarin gida da na gona. Baba ya ce lafiya lau, sannan ya tambaye shi ko a dangin nasu akwai wanda ke shirin biki nan kusa. Mijina, wanda bai san komai ba, ya ce ƙanwarsa za a aurar bayan damina. Na taka masa ƙafa, amma ya riga ya faɗi ranar.