Tulun da Gwaggo Ta Yaba

Aikin rediyo ne ya kawo ni Amurka, tara tuluna kuwa tsautsayi ne. Wata Asabar na raka maƙwabciyata garin Annandale, wani gida da tsohuwar cikinsa ta rasu, 'ya'yanta suka buɗe ƙofa suna gwanjon komai har cokula. A bakin taga na gan shi: tulun fure na tangaran, fari tas, mai dogon wuya, an zana masa kusurwoyi baƙaƙe da ruwan ƙwai kamar askar gaban babbar riga. Na juya gindinsa, ga tambarin Jamus, aikin shekarun 1950. Tun daga ranar ciwon ya kama ni.

Cikin shekara huɗu na tara goma sha ɗaya, masu da'ira, masu layi-layi, masu murabba'i, na jere su a kabad ɗin gilashi a falonmu na Mitchellville. Amma na farkon nan shi ne ɗan lelena. Maigidana kan tsaya ya ce, "Tulu ba ya sanyaya ruwa, kin hana a sa masa fure, to mene ne aikinsa?" Nakan ce aikinsa ya tsaya ya yi kyau, irin aikin da wasu ke yi a gidan nan ranar shara.

Ana nan sai Gwaggo, yayar mahaifin maigidana, ta zo daga Kano zama wurin ɗanta a Upper Marlboro. Ranar da ta kawo mana ziyara, ta tsaya gaban kabad ɗin kamar mai duba jeren ɗaki.

"Amarya," ta ce, don shekara goma sha bakwai da aurena ba ta sauya mini suna ba, "jeren naki ba kwano ko ɗaya?"

Ta buɗe gilashin, hannunta bai sauka a kan kowa ba sai ɗan lelena. "Kai, masha Allah! Wannan ya yi kyau."

Kowa ya san yadda ake yi. Babba ya yaba abinka a ɗakinka, ka ce ya ɗauka, shi kuma ya ce a'a, a bar shi nan, Allah ya yi albarka. Na ce, "Ai naki ne, Gwaggo," ina jiran a'a ɗin. Albarkar dai ta sa mini, sannan ta naɗe tulun a gefen mayafinta ta cusa a jaka.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba damar nunawa gaban suruka. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Mako uku ina wuce gurbin nan ina tsaki, sai dabara ta faɗo mini: hanyar da tulu ya bi ya fita, ita zai bi ya dawo. In je ɗakinta, in yaba shi.

Na soya dambun nama, na kama hanya. Na tarar da tulun a kan durowarta, an soka masa turaren tsinke uku a baki, an rataya masa carbi a wuya. Muka gaisa, gida, yara, sanyin ƙasar, sannan na gyara murya.

"Gwaggo, wannan tulu ya ƙawata ɗakin nan. Kai, ya yi kyau!"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ko? Wata 'yata ce ta ba ni. Kin ga ɗakin nan? Gado na matar ɗana ne, labule nata ne, hatta butar alwala ita ta zaɓo. Wannan kaɗai ne nawa. Zanensa irin na bangon zaurenmu ne, da asuba shi nake fara gani."

Kunya ta rufe ni, don na tabbata ta san abin da ya kawo ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da zoben hannuna.

"Amma tunda kin yaba," ta ce, "ba za ki fita hannu rabbana ba."

Ta janyo kwali daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani tulun roba ruwan gwal, cike da furannin roba jajaye, da ɗan makunni a gindi. Ta danna, furannin suka shiga walƙiya, ja, kore, ja. Na je neman ƙiba na samo rama. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya mai tsawo.

Har na kai ƙofa ta kira ni. "Amarya, cikin gilashin nan za ki sa shi, a tsakiya. Ranar Lahadi ina zuwa in gani."

Ta zo kuwa, ta duba, ta ce batirin ya yi sanyi a sauya. Ni da kaina na sauya shi.