Baba Ya Yi Tuƙi Daga Kujerar Baya

Asubar ranar Asabar muka tashi daga unguwarmu ta Pantai Dalam a Kuala Lumpur, mu uku: maigidana a kan sitiyari, ni a gefensa, Baba kuma a kujerar baya yana jan carbi. A bayanmu muna jan ɗaki guda sukutum mai tayoyi, da gadaje da murhu da banɗaki a cikinsa, irin wanda mutanen nan suke kira karaban. Bakin teku muka nufa, can Cherating gaba da Kuantan, mu yi kwana biyu.

Ba yawon jin daɗi ne ya fitar da mu ba. Baba ya zo daga Kano ne don bikin karɓar digirina na uku. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, sai da aka yi masa aikin ido muka taru, mu 'ya'yansa, muka karɓe makullan. Da ya iso nan kuwa na ƙarasa karɓe sauran. Ni ke riƙe masa hannu a tashar jirgi, ni ke danna masa lif, in ya ɗauki tsintsiya in fizge. Cikin sati biyu, mutumin da ke cika tsakar gida da labari ya koma "to" da "madalla". Ranar Laraba ya kira ni ya ce, "Uwata, a duba min tikitin nan a matso da shi. Na ga gari, na gode." Saura sati uku bikin. Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, shi kaɗai nake so in hango a zauren bikin nan. Na shiga kicin na yi kukana, na fito na ce wa maigida ya nemo mana inda za mu kai tsoho ya sha iska.

Maƙwabcinmu, wani dattijo Bamalaye da muke kira Pak Cik, shi ya ara mana jif ɗinsa da karaban ɗin. Da yammar Juma'a ya nuna wa maigida yadda ake haɗa su. Ba ƙugiya ce kawai ba. Daga bayan motar akwai sandunan ƙarfe biyu da suke miƙewa ƙarƙashin wuyan karaban, kowace da sarƙa a ƙarshenta. In aka ɗaga sarƙoƙin aka maƙala su da ƙarfi, sandunan sai su kwashe nauyin da ke danne bayan mota, su raba shi zuwa tayoyin gaba da tayoyin karaban. Pak Cik ya yi bayani da sauri, rabi Turanci rabi Malayanci, domin yana gaggawar tafiya biki ƙauyensu. Maigidana malamin tarihi ne, ko taya bai taɓa canjawa ba. Amma kun san mu, babba yana bayani ba ka cewa ya maimaita. Sai gyaɗa kai yake yana cewa "boleh, boleh", wato ya iya, har dattijon ya tafi.

Ni kuma ina kasuwar Chow Kit ina nawa aikin. Tafiyar kwana biyu ce, amma na dawo da ƙaramin buhun shinkafa, da manja, da doyar da na saya da tsadar da ba zan faɗa ba, da kaji huɗu a cikin kula, da tukunyar gas ta biyu ko da ta farko za ta ƙare, da jarkokin ruwa uku. Mai tasin da ya kawo ni sai da ya tambaya ko walima za mu yi.

Da asubar muka jibga komai a cikin karaban ta can gaba. Maigida ya ja sarƙoƙin nan iya ƙarfinsa, ya maƙala su a idon ƙarshe, domin nan kaɗai suka yarda su kai. Muka ja da baya muka duba: bayan jif ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama. Sai dabara ta faɗo masa, ya ce a kwashe kayan a mayar can ƙurya ta baya don a sauƙaƙa wa mota. Muka kwashe, mota ta ɗan miƙe. Ni da na shekara huɗu ina rubutu a kan yadda gada ke ɗaukar nauyi, har tafi na yi masa.

Baba yana tsaye, hannuwa a baya, yana kallo. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Shekara tara da aurenmu, abin da ke shiga tsakaninsa da surukinsa bai wuce gaisuwa ba. Maigida ya durƙusa, Baba ya kau da kai ya tambayi aiki, shi ke nan. Suna ƙaunar juna, amma kunya ta hana su sanin juna. Don haka ni ya matso ya ce wa a hankali, "Uwata, kayan nan da an bar su a gaba." Na ce, "Baba, kai dai shiga ka huta." Ya shiga.

Hanyar Karak kyakkyawa ce da safe. Ana wuce Gombak ake fara hawan dutse, daji kore shar hagu da dama, hazo kwance a kan itatuwa. Manyan motoci suna nishi a layin gefe, 'yan babur kuwa suna wuce mu kamar an biyo su. Maigida ya ce sitiyarin ya yi masa laushi, kamar ba a haɗe yake da komai ba, na ce ai haka jif take. Muka ratsa dogon ramin da aka fasa a cikin dutsen, muka gangara wajen Bentong, inda ake jera citta da duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya da wari, a bakin titi.

A wurin hutawa muka karya. Nasi lemak, wato shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, an naɗe ta a ganyen ayaba, ringgit uku na kuɗinsu, da shayin nan mai kumfa. Baba ya ci ƙwan da gyaɗar ya ture sauran. Daga inda nake zaune na hango shi yana zagaya karaban, ya doki taya da ƙafa, ya dafa bayan ɗakin ya girgiza. Ya dawo ya ce min, "Ki ce wa Malam kada ya wuce saba'in." Ni kuma na juya na ce, "Baba ya ce a yi a hankali." Maigida, idonsa a ƙasa, ya ce, "To, Baba."

Bayan Karak titi ya miƙe santal, gonakin kwakwar manja har iya ganinka. Ƙafa ta yi nauyi ba a sani ba, muka haura casa'in. Sai wata doguwar bas ta wuce mu ta dama da gudu, iskarta ta bugi karaban. Na ji an ja bayan motar hagu, an dawo da shi dama, an sake ja hagu fiye da na farko. A madubi na ga ɗakin nan yana kaɗa gindi ya shiga layin wasu. Tukwane suna kara a ciki. Na kama salati. Na ga ƙafar maigida ta tashi za ta sauka a kan birki.

"Kada ka taka birki!"

Muryar da na sani tun ina yarinya ce, wadda ke tsayar da yaran mota daga can ƙarshen gareji. Baba ya sunkuyo tsakanin kujerunmu, hannunsa a kafaɗar surukinsa.

"Riƙe sitiyari cak, kada ka bi ta. Ɗage ƙafa daga totur a hankali. A hankali na ce! Yauwa. Bar ta ta gaji da kanta."

Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Kaɗawar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Muka lallaɓa da arba'in har wurin hutawa na gaba. Da muka tsaya maigida ya kifa kai a kan sitiyari ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ban gane bayanin mutumin nan ba." Baba ya ce, "Ni ma na gani na yi shiru. Fito mu gyara."

Bai taɓa ganin irin wannan mahaɗi ba. Ya cire hula ya ba ni, ya tsuguna, ya bi sandunan da tafin hannu tun daga tushe har sarƙa, domin idon ba ya ganin ƙananan abubuwa. Na kira Pak Cik ta bidiyo daga tsakiyar bikinsu, ina fassara. Kafin in gama juya jimla Baba ya riga ya gane. Ya sa aka raba mota da karaban, ya karɓi sandar tsintsiyata, ya tsayar da ita jikin tayar gaba, ya yi alama da biro daidai bakin ƙarfen da ke saman tayar. Ya ce nan ne inda motar ke zama in babu kaya, kuma nan ake so ta dawo. Aka mayar da kaya masu nauyi saman tayoyin karaban da ɗan gaba kaɗan, aka ɗaure su. Pak Cik ya ƙara da cewa sandunan raba nauyi suke yi, ba ƙara wa mota ƙarfi ba, sai Baba ya sa na zubar da jarka biyu, shinkafar kuma muka bar wa matan da ke sharar wurin rabinta.

Da aka sake haɗawa, gaban motar ya haura alamar da yatsa biyu. Ashe sirrin da ya wuce maigida shi ne jak. Ana murɗa jak ɗin da ke wuyan karaban ne ya ɗaga bayan motar, sannan sarƙa ta maƙalu ba wahala. "Malam, ɗaga. Ƙara. Tsaya!" Maigida yana murɗawa, gumi har cikin ido, yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Suka gwada ido na uku, suka sauke, suka auna, bai kai ba. Na huɗu ma da saura. A na biyar gaban motar ya sauko kusan kan alamar biro, Baba ya ƙirga idanun sarƙar ɗaya gefen da yatsa don su zo daidai.

Da za mu tashi na nufi kujerata, sai na tarar maigida ya buɗe wa Baba ƙofar gaba. Baya aka mayar da ni, ni da kular kajin da aka dawo da ita mota.

A Temerloh muka ci kifin kogin nan mai maiƙo, a cikin miyar duriyan da aka tsima. Baba ya kai loma ɗaya ya ce daddawa ta samu 'yar'uwa, ya cinye kwanon. Da la'asar muka isa Cherating. Tekun bai burge shi ba, ya ce na Legas ya fi shi faɗa. Abin da ya burge shi shi ne shigar da karaban da baya tsakanin itatuwa biyu. Ya sa aka fara kwance sandunan saboda ƙasar ba daidai take ba, ya tsaya a baya yana ba da hannu, sau shida maigida yana karkacewa kafin ya shiga. Bayan magariba ina soya doya ina jin su a kan tabarma, Baba yana ba shi labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangaren Jebba da buhunan wake ɗari shida. Ni 'yarsa ban taɓa jin wannan labari ba, kuma na ji kishi ƙwarai.

Ranar Litinin muka juyo cikin ruwan sama. Kafin mu tashi su biyun suka auna, suka ƙirga sarƙa, suka duba iskar taya, ba wanda ya nemi ra'ayina. Basa-basai sun wuce mu da yawa, karaban bai motsa ba. Bayan azahar muka shigo Kuala Lumpur lafiya.

Na koyi abin da ya kamata duk mai jan irin wannan ɗaki ya sani: kaya masu nauyi ba sa zama a ƙurya ta baya, a auna gaban mota kafin a haɗa da bayan an haɗa, kuma in ba ka gane bayani ba ka ce a maimaita, ko wane ne mai bayanin. Ɗaya darasin ya fi min ciwo. Mun karɓe wa Baba makulli don muna tsoron rasa shi, daga nan muka ci gaba da karɓe duk abin da hannunsa ya taɓa, muna kiran hakan hutu. Ni na fi kowa laifi, domin ni na fi kowa son sa.

Da yamma Pak Cik ya dawo. Ta taga na hango su shi da Baba tsugune a gindin mahaɗin nan, tsofaffi biyu da ba sa jin yaren juna, suna nuna sarƙa suna dariya har aka kira magariba. Da Baba ya hawo, hannunsa duk baƙin mai, na miƙa hannu zan karɓi takalmansa, sai na fasa. Ya ajiye su da kansa, ya dube ni ya ce, "Uwata, ranar bikin nan naku, da ƙarfe nawa ake so mu isa? Kuma ki nuna min inda dutsen gugarku yake. Babbar rigata ta yamutse a akwati, ni zan goge abata."