Babban Yatsan Magini

Wata rana na kai lasifikata gyara a Kafanchan.

Mai gyaran ya ce in jira. Ni kuwa kun san ni, ba na iya zama shiru. Sai na jiyo kiɗa a shagon da ke kusa, na leƙa.

Wani malamin jita ne, Malam Yohanna, da wani dattijo mai furfura. Magini ne, ya kai shekara sittin.

Dattijon ya zo ya mayar da jitar da aka ara masa, wai ya haƙura.

Ashe ya yi wa 'yarsa Rifkatu alkawari shi zai kaɗa mata waƙar godiya ranar aurenta. Saura mako uku. Wata huɗu yana koyo, amma manyan igiyoyin nan masu kauri sun ƙi yi masa magana. Da ya taɓa, sai ka ji duf, duf.

A kan tebur na ga wani ɗan zoben roba mai harshe. Na tambaya na mene ne. Aka ce a babban yatsa ake sa shi, shi ke cizon igiya sauti ya fito tar.

Na ce to a ba Baba mana!

Malam ya harare ni. Wai dokarsa ce, sabon shiga ba ya sa zobe sai ya yi wata shida. Dole yatsa ya fara sanin igiya da fatarsa, in ba haka ba mutum zai yi ta lalube har abada.

Ni dai idona na kan hannun dattijon.

Da ya miƙa jitar, Malam ma ya gani. Siminti ya cinye fatar yatsan, duk ta tsage. Wani wurin har da busasshen jini. Wata huɗu yana ɓoyewa, yana taɓa igiya a tsorace.

Wallahi sai da tausayi ya kama ni.

Malam ya mayar masa da jitar.

"Baba, rufe idonka. Taɓa mini igiya ta biyar. Ta shida. Ta huɗu."

Bai kuskure ko ɗaya ba.

"Tun yaushe ka iya wannan?"

"Ai Malam, tun wata na biyu. Ba ka tambaye ni ba ne."

Sai Malam ya ɗauki zoben, ya sa wa dattijon da kansa. Ya ce shi watanni yake ta ƙirgawa, bai taɓa duba hannun ba.

Dattijon ya buga sau ɗaya.

Sautin ya cika shagon. Har ya waiga baya, yana neman wanda ya kaɗa.

Muka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya share ido da gefen riga, ya gyara zama, ya ce a fara daga farko, lokaci ya ƙure.

Darasi: Doka tana da dalili, amma in kana koyar da mutum, ka riƙa duba hannunsa. Wani ya daɗe da isa wurin da kake jiran ya kai, kunya ce ta hana shi faɗa.

Tura wa duk wanda ke koyar da wani, ko ɗinki ne, ko tuƙi, ko girki.