Farin Fenti a Injin Baba Sau-Biyu

Kowace safiya, da zarar rana ta leƙo tsakar gida, Baba Sau-Biyu yakan fito yana bin bango da hannu har ya isa rumfar kwano inda tsohuwar motarsa take. Sai ya yaye tamfol, ya ninke shi gida huɗu, ya ɗaga bonet ya tokare. Ba ya ɗaukar sifana, ba ya duba mai. Yatsansa kawai yake ɗorawa a kan murfin bel ɗin taimin, ya bi wani rubutu na farin fenti daga farkonsa har ƙarshe, sannan ya sake bi. Daga nan ya rufe bonet ya koma kujerarsa. Gajeriyar katanga ce tsakanin gidana da nasa, don haka na ga wannan abu ya fi a ƙirga, kuma har yau idan na gani sai zuciyata ta karye.

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran mota. Ga wanda bai san inji ba, bel ɗin taimin wata ɗamara ce ta roba mai haƙora da ke haɗa fulin sama da na ƙasa, wato faya-fayan ƙarfen da take zagaye su, don kowane ƙarfe a ciki ya motsa a lokacinsa. In ya tsinke ana cikin tafiya, ko aka ɗora shi ya gota, ƙarfe ya daki ɗan'uwansa, inji ya tashi aiki. Shi Baba kafin ya cire tsohon bel sai ya ɗiga farin fenti a kowane fuli da kuma jikin inji daura da shi. In ya ɗora sabo, ba ya barin kowa ya taɓa makulli sai ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya ga fari ya dawo kan fari. A nan ya samo sunansa, har aka manta da na yanka.

Wani direban tasi har gobe yana ba da labarin ranar da ya matsa masa lamba.

"Baba, don Allah a ba ta wuta mana, fasinja na can suna jira na."

"Fasinjanka a cikin injin suke? Samu wuri ka zauna."

Ana cikin juyawa injin ya cije. Ashe bel ɗin da direban ya sayo kwalinsa ne kawai daidai, haƙoransa ba na motar ba ne. Da an murza makulli, da ranar ya yi bankwana da sana'a. Irin wannan labari, in ka tsaya a bakin tsohon garejinsa, za ka ji goma kafin ka gaji da tsayuwa.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya rufe gareji, ya ce ciwon baya ne. Ya daina tuƙi ma, ya ce bayan dai. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, sai na zama direbansu, domin a lokacin ne ciwon ƙoda ya kama matarsa, wadda duk layinmu muke kira Mama. Litinin da Alhamis muna kan hanyar asibiti wankin ƙoda, tafiyar awa guda da rabi, kuma jikinta ba ya ɗaukar motar haya. Ranta, bayan ikon Allah, a kan tsohuwar motar nan ya rataya.

Wata Alhamis muna dawowa Baba ya karkata kunne ya ce in rage gudu. Da muka isa gida ya kwance murfin ya shafa bel ɗin, ya ji duk ya tsattsage. Na ce a kira ɗaya daga cikin waɗanda ya yaye, yanzu duk manyan makanikai ne. Ya ce tunda ya sayi motar nan hannun wani bai taɓa shiga injinta ba. Na ɗauka taurin kan tsufa ne, har na ji haushinsa. Ban san tsoro yake ji ba, kada waɗanda ya koya wa aiki su tsaya a kansa su gane abin da yake ɓoyewa.

Ranar Asabar da hantsi ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aiki. Mama na kan kujerar roba a inuwar rumfa, ƙafafunta a kumbure bisa matashi. Duk wani noti ya kwance shi da hannu kamar yana gani. Da aka zo ɗiga fenti sai ya tsaya. Ya tsoma tsinke a gwangwani, ya sunkuya, ya ɗago, ya goge ido da bayan hannu, ya sake sunkuyawa. Fentin ya bushe a bakin tsinken, bai ɗiga ko ɗaya ba.

"Maigida, miƙo nan," in ji Mama.

"Me kika sani a inji, tsohuwa? Shekara arba'in ba abin da kika yi sai mitar baƙin mai a riguna."

"Na san dai wata shida ke nan kana sa riga a baibai ina juya maka. Bayan ne ya hana ka ganin wuyan riga?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke ma fuskarki hazo-hazo nake gani."

"Ba ka yi asarar komai ba, ta tsufa. Malam, zo ka kama ni in tashi."

Haka aka yi aikin. Shi ya ɗora yatsa inda ya kamata, ita ta ɗiga fenti. Fulin ƙasa ya yi mata nisa, ba ta iya sunkuyawa, sai ta aike ni ɗaki na ɗauko ƙaramin madubinta na kwalliya, tana karkata shi tana leƙe. Ya zare tsohon bel, ya ɗora sabo yana bin haƙoransa da ɗan yatsa, ya ɗaure. Ya kama sifana ya juya, zagaye ɗaya, zagaye biyu.

"Fari ya hau fari?"

"Na ƙasa ya hau. Na sama ya gota kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa."

"Ba zai yiwu ba. Hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"To ni ce zan fara yi maka yau?"

Rana ta take, gumi na tsiyaya daga goshinta, numfashinta ya fara sama-sama. Jibi Litinin. In ya bi hannunsa alhali ita ce da gaskiya, injin da ke kai ta asibiti ne a cikin haɗari. In ya bi idonta, ya amsa ke nan a gaban maƙwabci cewa Sau-Biyu ya ƙare. Ya daɗe riƙe da sifanar nan. Sannan ya sassauta bel ɗin, ya matsar da haƙori ɗaya, ya ɗaure, ya sake juyawa sau biyu.

"Yanzu fa?"

"Ya hau, sama da ƙasa."

Ya mayar da komai, ya miƙo mini makulli. Murzawa ɗaya motar ta tashi, injin na tafiya sumul. Ya dafa bonet yana saurare, hawaye na bin gemunsa.

Al'adar aikinsa ce ya rubuta a murfin ranar da za a sake canza bel. Mama ta karɓi tsinken ta rubuta da kanta, shekara biyar nan gaba, fentin ya yi kauri don hannunta ba ƙarfi. Ta ce, "Ga aiki nan na bar maka. Kada in ji ka ce za ka biyo ni kafin ka yi shi." Ya ce ta daina irin wannan magana. Dariya kawai ta yi.

Motar ba ta taɓa tsayawa da mu a hanya ba, ko sau ɗaya. Wata bakwai muna zuwa muna dawowa, sannan Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

'Yarsu ta so a sayar da motar, tunda ba mai tuƙa ta a gidan. Baba ya ƙi. Ya buga ƙusa a bakin rumfa ya rataye makullin, ya ce duk mai mara lafiya a layin nan ya zo ya ɗauka, ba sai ya tambaya ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a wanke murfin nan. Mace biyu sun isa ɗakin haihuwa a cikinta, mahaifin telan layinmu ma ita ta kai shi asibiti ranar da ya faɗi.

Baba, kai ne makaniken da bai taɓa gaggawa da ran mutane ba. Kai ne ka yarda a ga kasawarka don kada injin da ke ɗaukar matarka ya sami matsala, kuma na san abin da wannan ya ci maka. Mun gode, mu da muka hau motocin da ka gyara muka isa gida lafiya ba mu ma san hannunka ne ba. Masu sana'a, ku juya aikinku sau biyu kafin ku ce kun gama, kuma in idonku ya gaza ku ari na wanda ke kusa da ku.

Saura shekara uku da 'yan watanni ranar da Mama ta rubuta ta cika. Allah ya kai mu, Baba. Madubin yana nan a aljihun mota inda ta bar shi. In ranar ta zo, ka ƙwanƙwasa katanga, zan zo in duba maka ko fari ya hau fari.