Don Aristobulo da Sigarin da Ba Ya Shan Mazarƙwaila

A garin Güepsa, in kana neman mutumin da ya san zaƙi, dattijon da ake kira Don Aristobulo za a nuna maka. Tun yana saurayi yake gindin kasko yana dafa ruwan rake, har gashinsa ya yi fari fat. A wurinsa babu abin da mazarƙwaila ba ta gyarawa: kofi, mura, ɓacin rai. Aibinsa ɗaya, taba ba ta barin bakinsa.

Sai 'yarsa Yurany ta haihu a birnin Bucaramanga, jaririya mai raunin ƙirji. Ta bugo waya ta yanke hukunci: "Baba, in na ji warin hayaƙi a jikinka, ba za ka ɗauke ta ba." Ta aiko masa da sigarin lantarki, da 'yan kwalaben da zai haɗa ruwansa da kansa.

Ya haɗa, ya zuƙa, ya yamutsa fuska. Lami! Ya kira mai shagon da aka sayo shi, aka ce ai akwai wani maganin zaƙi da ake ɗigawa, amma ba daga rake yake ba. Nan kan tsoho ya ɗaure. Zaƙi ba rake? To daga ina, daga sama?

"Hermencia, 'yan birni sun haukace," ya ce wa matarsa. Ya narka mazarƙwailarsa mai kyau ya tsiyaya a ciki.

Zuƙa ɗaya, abin ya yi ƙauri kamar gindin kaskon da aka manta a wuta. Ya yi tari har da hawaye. Ya ce ƙila ta yi kauri, ya tsinka ta. Ta sake ƙonewa. Ya gwada zuma, washegari tururuwa suka tare a ciki.

"Kai tsoho, taba kake sha ko alewa kake dafawa?" in ji Hermencia, tana riƙe ciki don dariya.

Bai kula ta ba. Abin ya dame shi ƙwarai. Duk rayuwarsa mazarƙwaila ba ta taɓa ba shi kunya ba, yau ga wani ɗan ƙarfe ya ƙi ta. Amma ko karan taba ɗaya bai kunna ba.

Ranar da Yurany ta iso, tun da safe ya sake gwadawa da mazarƙwailar, don kada ƙwalama ta kama shi gaban baƙi. Ya tare ta a ƙofa da sabuwar riga, ya miƙa hannu biyu. Ta matso, ta shinshina wuyansa, ta ja baya.

"Baba, ka sha."

"Wallahi 'yata, mazarƙwaila ce! Tambayi uwarki!"

"Gaskiya ne," in ji Hermencia. Yanzu kam ba ta dariya.

Yurany ta gyara wa jaririyar mayafi, idonta ya ciko. "Ƙirjinta bai san bambanci ba, Baba. Hayaƙi hayaƙi ne."

Ta wuce ciki. Shi kuwa yana nan tsaye da hannuwansa a miƙe, ya rasa inda zai sa su.