Sai Mata Sun Fita daga Gona

Kulu haifaffiyar Furana ce, aure ya kai ta Nasarawan Doya. Da mijinta ya rasu, gonarsa ta koma hannun 'yan'uwansa. 'Yarta tilo, Zulai, ta bi shi a wata damina da rumbuna suka yi ƙasa. Kulu ba ta cika zancen ba. In an tambaye ta, takan ce yarinyar ba ta da jikin da zai ɗauki zazzaɓi.

Abin da ke riƙe da ita, da sauran zawarawa da tsofaffi marasa gona, shi ne kala. A al'adar garin, in an girbe dawa an kwashe dammuna, akan bar gona har Juma'a ta zagayo, talakawa su shiga su tsince zangarniyar da ta faɗi. Sai bayan nan Fulani su sauka da shanu, su ci kara su bar taki.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, manyan manoma suka dukufa kan auduga, aka shiga rububin taki. Garkunan da ke zuwa ba su da yawa, wanda ya riga buɗe gonarsa shi ke samu. Maiwada, wanda ya fi kowa faɗin gona, shi ya fara. Ranar da aka ɗauke dami na ƙarshe ya kira shanu. Da matan suka iso da ƙorensu, kashin shanu suka tarar. Sauran manoma suka ce baɗi su ma haka za su yi.

Kulu ta sami Maiwada a zaure, ta durƙusa, suka gaisa har aka tambayi lafiyar kowa.

"Iya Kulu, na san abin da ke tafe da ke," in ji Maiwada. "Ki aiko da ƙwarya a zuba miki."

"Ni kaɗai? Ba roƙo na zo ba, Malam. Abin da ya faɗi ƙasa, tun kaka da kakanni na mai sunkuyawa ne."

Ya yi dariya. "To ai saniya ma sunkuyawa take yi, Iya."

Ta je wurin mai unguwa, ya ce gona ta mai gona ce. Kulu ba ta ɗaga murya ba. Ta ci wannan ranin da daka da surfe a gidajen mutane, tana lura.

Da dawa ta sake nuna, sai ta ɗauki sandarta ta nufi ruga, wurin Adama mai tallar nono, matar Ya'u mai garken da ke sauka gonar Maiwada. Adama ba a manyan gidaje take samun hatsi ba, don can rumbu na hannun maigida, ba ya buɗe shi saboda nono. Ƙofar zawarawa take bi, ta ba da nono a ba ta dawa.

"Yau Kaɗo a ruga?" in ji Adama. "Inna Kulu, ko miji kika zo nema?"

"Wa zai kwashi tsohuwa? Zauna, ƙawata. Bara da rani, ba kin yi ta komawa gida da nononki ba?"

Adama ta daina dariya.

"Dawar da muke ba ki, ita shanunku suka cinye a gonar Maiwada. Tuwon 'ya'yanki saniya ta ci."

"Shanu ai na maigida ne."

"Na sani. Tuwon da yake ci fa, na waye?"

Kulu ba ta tsaya nan ba. Ta bi zawarawa gida gida, ta taka har Malikanchi, ta ce kowacce ta faɗa wa mai kawo mata nono wannan maganar, kada a yi faɗa, kada a zagi kowa.

Maiwada ya girbe, ya aika a kawo shanu. Ya'u ya koro garkensa har bakin gona, ya tsayar da su, ya saɓa sanda a wuya.

"Sai mata sun fita," ya ce.

Maiwada ya aika wata rugar, aka ba shi amsa iri ɗaya. Ya zo ya tsaya a kan iyaka yana kallon mata sun bazu cikin kara. Ya hango Kulu.

"Iya, da Fulani kika haɗa kai a kaina?"

Ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu. "Takinka na nan, Malam, yana cikin cikin shanu. Ba inda za shi."

Har Ya'u sai da ya murmusa. Maiwada ya kaɗa riga ya tafi, bai kori kowa ba.

Shanu suka shiga bayan an sauko daga masallacin Juma'a. A shekarar babu manomin da ya buɗe gona kafin lokaci, kuma abin da Kulu ta tsinta ya kai ta har shuka.