Man Birki a Ƙasan Sito

Shekara ashirin da ɗoriya ina jan bas tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma duk tsawon shekarun nan kujerar gaba ta Inna ce, mahaifiyarmu. Asibiti, biki, gaisuwar mutuwa, ni ne dai. Ko fasinja ya riga ya zauna, in ta fito sai ya koma baya. Sai ga shi bara waccan masara ta yi wa autanmu kyau, ta kuma yi daraja a kasuwa. Mutumin da ni na koya masa riƙe sitiyari ya tafi Kaduna ya dawo da mota.

Mota kuwa ta amsa sunanta. Baƙa wuluk, ba a murɗa mata makulli, maɓalli ake dannawa. Hambirkinta ma maɓalli ne. In ba ka ɗaura bel ba ta yi ta tsiwa, ƙit-ƙit-ƙit, har sai ka gaji. Ranar da ya kawo ta aka taru a ƙofar gida ana sa albarka, ni ma na ɗaga hannu na ce Allah ya tsare. Amma wallahi abin da ke bakina daban, na cikina daban. Hassada ce, ba sai na canja mata suna ba.

Saboda tsabar ji da ita, Auta ya ce motarsa ba za ta kwana a waje rana da raɓa su ci fentinta ba. Sai ya faɗaɗa ƙofar siton masararsa, ya matsar da buhuna gefe, ya riƙa shigar da ita yana lulluɓewa da tamfol. Tabɗi! Duk wanda ya daɗe a harkar mota ya san inda hatsi yake nan ɓeraye suke, kuma ɓera ba ya raina roba ko waya. Na sani sarai. Na ce a raina, tunda ba a tambaye ni ba, me ya yi mini zafi?

Wata safiya muka shirya zuwa sunan jikar yayar Inna a Bakori. Ni zan kwashi mata da kwanuka a bas. Na goge kujerar gaba, na shimfiɗa wa Inna darduma kamar kullum, sannan na leƙa sito in ga ko Auta ya shirya. Yana fito da motar da baya, sai na ga danshi a siminti daidai inda tayar gaba ta kwana. Na durƙusa na dangwala, na murza a yatsa, na shinshina. Man birki ne.

Auta ya sauke gilashi. "Yaya, zo ka ga wata jar fitila ta kama, kuma sai ƙara take yi. Ko bel ɗin ne dai?"

Na ce, "Ni ina na san motar manya? Ai tana magana, tambaye ta mana."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin tawa. Abin da na ƙudurta shi ne, ɗigo ne kaɗan-kaɗan, birkin zai yi laushi a hanya, ya tsaya a gefen titi ya kira ni, in zo gaban kowa in ɗaura wa baƙar motar igiya in ja ta da tsohuwar bas ɗina. Har na hango yadda za a ba da labarin a tasha.

Sai Inna ta fito da mayafinta. Ta wuce bas ɗina ko kallo babu, ta nufi motar Auta. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Kai dai kwashi kwanuka. Gwiwoyina sun gaji da jijjigar akwalar nan taka, yau zan sha sanyi."

Mata suka kwashe da dariya. Akwala! Motar da ta kai ta asibiti sau ba adadi. Zuciya ta ɗebe ni, na rufe bakina, na shiga bas na buga ƙofa.

Suna gaba ina biye. Mun bar Ƙarfi kaɗan akwai wata gangara, a ƙasanta kuma wata babbar mota ta tsaya ana loda mata buhuna, ta cinye rabin titi, ga wata tana tahowa. Na ga jajayen fitilun bayan motar Auta sun kama, amma gudunta bai ragu ba. Suka mutu, suka sake kamawa, suka sake. Na san ƙafarsa ce ke bugun birki yana nutsewa har ƙasa. Salati kawai nake, matan baya suna ihu.

Sai na ga ya karya kan motar ya bar kwalta, ya faɗa wata gona da aka girbe, ya ratsa kunyoyin a gicciye. Motar ta yi ta tsalle tana karya karan masara, ta haye kunya ta bakwai ko ta takwas, ta tsaya.

Ban san yadda na isa wurin ba. Auta ya fito lafiyarsa ƙalau. Inna ba ta ɗaura bel ba, ta tokare da hannu, wuyan hannun ya karye, goshinta na jini. Wani bakanike cikin waɗanda suka taru ya leƙa ƙarƙashi ya ce tiyon birki ne, ga shatin haƙoran ɓera nan. Auta ya rungume ni gaban jama'a yana kuka.

"Yayana ne ya cece mu! Tun ina koyon tuƙi ya ce mini in birki ya ƙi, in nemi gona in ratsa kunya. Maganarsa ce ta faɗo mini."

Mutane suna ta sa mini albarka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na sauke matan a wurin, na ɗauki Inna zuwa asibitin Malumfashi, a kujerar gaba, kan dardumar da na shimfiɗa mata. Ta rungume hannun a ƙirji. Sai da muka yi nisa ta juyo ta tambaye ni.

"Da safe na hango ka a ƙofar sito ka dangwali wani abu a ƙasa ka kai hanci. Mene ne?"

Na so in ce ruwa ne. Bakina ya ƙi.

"Man birki ne, Inna."

Sai ta ce, "Tsaya." Na tsaya. Ta buɗe ƙofa da hannunta mai lafiya, ta sauka, ta zagaya ta shiga baya cikin kwanuka.

Har yau ba ta gaya wa Auta ba, shi kuma bai daina ba da labarin yayansa da ya cece su ba. An gyara motar, a waje take kwana yanzu. Inna tana shiga bas ɗina in ta kama, muna gaisawa, tana sa mini albarka. Amma a baya take zama.